Aya Ɗaya Ba Ta Isa Ta Rufe Wa Mutum Baki Ba

A wani taron ikilisiya da na halarta a nan Jos, bayan an tashi daga sujada, wata mama daga Zumuntar Mata ta ɗaga hannu. Ta ce an daɗe ana tara kuɗin gini, har yanzu rufi bai hau ba, ko za a karanta wa jama'a lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita? Fasto bai ce uffan ba. Wani dattijo ne ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Mama, ki yi hankali. A rubuce yake, kada ku taɓa shafaffuna." Wasu suka ce amin. Mama ta zauna, aka wuce batu na gaba.

Ban san ko an ci kuɗin ko ba a ci ba, kuma ba shi ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka ɗauko Maganar Allah aka toshe bakin wadda ta yi tambayar da ta dace, kuma cikinmu babu wanda ya ce a buɗe wurin a duba.

Da an buɗe, Zabura 105 ce, aya ta 15. Ayoyin da suka gabace ta suna magana ne a kan Ibrahim da Ishaku da Yakubu, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Allah ya tsawata wa sarakuna saboda su. Wato gargaɗi ne ga masu iko kada su taɓa marasa ƙarfi. Mu kuwa mun juya ta, ta zama garkuwar mai iko a gaban gwauruwa. Kuma da an ƙara buɗe 2 Korantiyawa sura 8, da an ga Manzo Bulus da kansa bai yarda ya riƙe kuɗin taimako shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi.

Ra'ayina ke nan, kuma gara in faɗe shi tun da wuri. Babbar cutar da ke damun wa'azinmu a yau ita ce tsinto aya ɗaya daga cikin surarta a mayar da ita hujja. Maganinta kuwa ilimin fassara ne, wanda da yawa cikinmu ke yi wa kallon abin Turawa ko abin masu girman kai. Duk wanda zai hau mumbari, ko ya koyar a Makarantar Lahadi, ya kamata ya iya amsa tambaya uku kafin ya ɗora mana aya a ka: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma me ake ciki a lokacin?

Babu mai sayen fili a Rantya ko Rayfield ya karanta layi ɗaya a takardar ciniki ya sa hannu. Zai bi ta daga sama har ƙasa, ya nemi wanda ya san doka ya sake duba masa. Me ya sa littafin da muka ce ranmu muka rataya a kai shi ne muke yi wa karatun tsinci-tsinci?

Mu tuna ma cewa waɗannan lambobi na sura da aya ba annabawa ne suka sa su ba. Rabon surori da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton, wani babban bishop na Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun yi ne don sauƙin nema, kuma mun gode musu. Amma Bulus wasiƙa ya rubuta, ana tara jama'a a karanta musu ita daga gaisuwa har sallama.

"Harafi kisa yake yi, Ruhu ke ba da rai"

Wannan ita ce amsar farko da za ka sha in ka kawo irin wannan magana. Za a ce maka yawan bincike na kashe wuta, kuma masunta Yesu ya kira, ba masu digiri ba.

Abin dariya, ita kanta wannan ayar an tsinto ta ne. A 2 Korantiyawa sura 3 Bulus yana kwatanta tsohon alkawari, wanda aka zana a kan allunan dutse, da sabon alkawari na Ruhu. Babu inda ya ce kada a yi nazari. Mutumin da ya zauna a gaban Gamaliyel ya yi karatu, wanda yana kurkuku ma yake aika wa Timoti ya taho masa da littattafai, ba shi ne zai hana karatu ba.

Masuntan nan kuma shekaru suka yi suna bin Malami dare da rana. Bayan tashinsa daga matattu, a hanyar Imuwasu, abin da ya yi wa almajirai biyu shi ne ya bi da su cikin littattafan Musa da na annabawa yana bayyana musu. A nan zuciyarsu ta yi zafi. Ruhu ne ya tura Filibus wurin karusar mutumin Habasha, amma da ya isa, tambayar da ya yi ita ce ko ya gane abin da yake karantawa. Shi kuwa ya ce ina zai gane in babu mai yi masa bayani.

Wanda ya fi kowa iya tsinto aya shi ne Shaiɗan. A lokacin gwaji, Zabura 91 ya jawo wa Yesu, ya ce ya yi tsalle daga kan Haikali. Ayar gaskiya ce, wurin da ya ajiye ta ne ƙarya.

"Ai tauhidin nan shi ya kashe coci a Turai"

Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, ba zan share shi ba. A ƙarni na 19 malamai a Jamus sun ɗauki Littafi Mai Tsarki suna bincikensa kamar kowane tsohon rubutu. Julius Wellhausen ya yi suna a 1878 da ra'ayin cewa littattafai biyar na farko an harhaɗa su ne daga rubuce-rubuce dabam-dabam, a zamanai dabam-dabam. Daga baya, a 1941, Rudolf Bultmann ya ce mutumin da ke amfani da wutar lantarki da rediyo ba zai iya gaskata duniyar ruhohi da mu'ujizai ta Sabon Alkawari ba, don haka sai a tace saƙon a fitar da shi daga cikinta. Da ya leƙo kasuwar Terminus ta Jos da rana tsaka, da ya ga mutane da waya biyu a aljihu suna addu'ar korar aljanu, ko a jikinsu.

Kuma ilimi kaɗai ba ya tsare mutum daga ɓata. A 1914 manyan malaman tauhidin Jamus sun goyi bayan yaƙin sarkinsu, abin da ya girgiza ɗalibinsu Karl Barth har ya koma ya zauna da wasiƙar Romawa, ya fitar da sharhinsa a 1919. A Afirka ta Kudu, malamai masu digiri ne suka ɗauko labarin hasumiyar Babila suka kafa hujjar wariyar launin fata. Kafin su an yi ɗaruruwan shekaru ana cewa baƙar fata la'anannu ne saboda Ham ɗan Nuhu, alhali a Farawa sura 9 sunan da Nuhu ya kira a la'anar Kan'ana ne, kuma babu batun launin fata a wurin.

To amma me ya rushe waɗannan ƙarairayi? Mutane ne suka koma suka karanta da kyau. Ba a taɓa gyara mummunar fassara ta hanyar rufe littafi ba.

Batun cewa tauhidi na Turawa ne kuwa, tarihi bai yarda ba. Orijin a Iskandariya ta Masar ya koyar. Tatuliyan ɗan Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Agustin bishop ne a Hippo, cikin Aljeriya ta yau. Muhawarar da ake yi a kan ko a bi ma'anar fili ko a nemi ɓoyayyiyar ma'ana, tsakanin malaman Antakiya da na Iskandariya aka fara ta, tun Ingila ba ta san inda aka dosa ba.

Mu dawo gida. Byang Kato ɗan Kwoi ne, an haife shi a 1936, ya riƙe babban sakataren ikilisiyar ECWA, sannan a 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka. Babu wanda ya kai shi tsoron gurɓataccen tauhidi. Ya yi jayayya mai zafi da ra'ayoyin John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya, yana ganin sun ba addinin gargajiya matsayin da ya wuce kima. Amma maganin da ya kawo shi ne a ƙara karatu, a kafa manyan makarantun tauhidi a Afirka, kuma daga wannan yunƙuri makarantun Bangui da Nairobi suka fito. Ya rasu a 1975 a gaɓar teku kusa da Mombasa, bai cika shekara 40 ba. Ko ka bi Kato ko ka bi Mbiti, duk biyun da littafi a hannu suka yi gardamarsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda suka fi kukan "tauhidin Turawa" su ne suka rungumi koyarwar da aka yi dakonta kai tsaye daga Amurka. Maganar shuka iri don a girbe arziki daga Tulsa ta jihar Oklahoma ta yaɗu, wurin Oral Roberts da Kenneth Hagin, ta sami gindin zama a Najeriya ta hannun irin su Benson Idahosa na Benin. Ɗaya daga cikin ginshiƙanta 3 Yahaya aya ta 2 ce. Buɗe ka gani: gaisuwa ce ta buɗe wasiƙa, dattijo yana yi wa abokinsa Gayus fatan lafiya da zaman lafiya, kamar yadda kowa ke yi. A kan gaisuwa aka gina alkawarin mota da bene.

Haka Filibiyawa 4:13, wadda ke manne a bayan keke da ƙofar shago. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma ayar da ke gabanta ta ce ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ƙarfin da yake magana a kai na jimrewa ne. Wanda aka sallama daga aiki ya fi wanda ke neman kwangila buƙatar wannan aya, amma shi ba a karanta masa ita.

Takobi da kumatu

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin a Jos fassara ba wasan aji ba ce. Wanda ya ga Satumbar 2001, ya ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010, ya san yadda garin nan ya rabu, unguwa ta koma ta waɗannan, waccan ta koma ta waɗancan. Kirista sun binne nasu, Musulmi sun binne nasu. Har yau ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom ba su huta ba.

A irin wannan hali ayoyi biyu ake jifan juna da su. Wani ya ce Yesu ya ce in an mare ka a kumatun dama ka juya ɗayan. Wani ya ce ai Yesun nan ne ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Sai ka ji matashi ya ce mun juya na dama, mun juya na hagu, babu kumatu na uku. Ina jin zafin da ke bayan wannan magana, kuma ba zan tsaya daga inuwa in yi wa wanda aka ƙone wa gida wa'azin haƙuri ba.

Amma a karanta Luka sura 22 har ƙarshe. Almajirai suka ce ga takuba biyu, ya ce ya isa. Takuba biyu ga mutum goma sha ɗaya ba shirin yaƙi ba ne. A daren nan da ɗayansu ya zaro ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya hana, ya taɓa kunnen ya warkar. A Matiyu 26 ya ce a mai da takobi kube. Wanda ya tsaya a Luka 22:36, ayar sayen takobi, ya rufe littafi, ya yanke labarin a tsakiya.

Masu ɗaya ayar su ma su ƙarasa karatu. Da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, a Yahaya 18, bai yi shiru ba, ya tambaye shi dalilin marin. Da za a yi wa Bulus bulala, ya tuna musu shi ɗan ƙasar Roma ne kuma ba a yanke masa hukunci ba. Da ya ji ana shirin yi masa kwanton ɓauna, ya sa aka kai rahoto ga shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare da rakiyar mayaƙa 470. Juya kumatu bai taɓa nufin a bar neman haƙƙi ba.

In ka haɗa Romawa 12 da 13, waɗanda asali magana ɗaya ce kafin a raba su da lamba, za ka ga an hana mai bi ramuwa, sannan an ɗora wa hukuma nauyin hukunta mai laifi. Wa'azin da ya fito daga nan ba zai tura yaro ya tare hanya ya kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba zai kuma bar gwamna da kwamishinan 'yan sanda su yi barci ba.

Saura batun mutum ya kare iyalinsa in an zo masa da dare. A nan masu bi na gaskiya sun daɗe da rabuwa. Tun zamanin Agustin akwai masu cewa akwai halin da ya halatta a ɗauki makami don kare marar ƙarfi, suna kuma nuna Nehemiya, wanda ya sa magina aiki da makami a kusa. Akwai kuma ikilisiyoyin da suka ƙi makami ɗungum. EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, na cikinsu, kuma ba da baki kawai ba: a 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninsu suka yi hijira zuwa nan Jos, ba su sauya koyarwarsu ba. Ni na fi karkata ga cewa tsare ƙofar gida daban, bin mutum har gidansa daban. Amma wannan matsaya ce da na kai bayan auna wurare da yawa, kuma wanda ya saɓa mini ba arne ba ne. Abin da na ƙi shi ne a yanke maganar rai da mutuwa da rabin aya, a gaban matasan da jininsu ke tafasa.

"To kakata da ba ta yi boko ba fa?"

Wannan ita ce tambayar da na fi girmamawa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya ja gaba, dubban iyayenmu a Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa da shi suka koyi karatu. Ba su san Girkanci ba. Aya ɗaya takan riƙe mace a ranar da ta binne ɗanta, kuma babu malamin da ya isa ya ce Allah bai yi mata magana ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ayar da ta ta'azantar da kai da ayar da ka ɗora wa wani a matsayin doka. Ta farko tsakaninka da Ubangijinka ce. Ta biyu, tunda za ta taɓa aljihun wani ko aurensa ko ransa, dole ta jure tambaya. Mutanen Biriya an yabe su ne don sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa, ba wani ba.

Kuma tsofaffin nan sun fi mu karatu mai tsawo. Sukan bi littafi daga farko har ƙarshe, su sake. Mu ne 'yan aya ɗaya a hoton WhatsApp da safe.

Har ma akwai abin da suke gani wanda malamin Jamus ba zai gani ba. Wannan shi ne alherin da tauhidin zamani ya kawo: an gane cewa inda mai karatu yake tsaye yana shafar abin da idonsa ke kamawa. Gustavo Gutiérrez na Peru ya yi wannan magana a 1971 daga ɓangaren talakawa. Mercy Amba Oduyoye ta Ghana ta tara mata masana tauhidi na Afirka a 1989 don su ma a ji abin da suke gani. A 2006 malaman Afirka 70, ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo, suka fitar da sharhin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya. Macen da ta san zaman kishiya ba sai an yi mata dogon bayanin Hannatu da Feninna ba. Wanda ya kwana a sansanin gudun hijira ya san abin da Zabura 137 ke nufi.

Shi ne kuma ya fi cancanta a karanta masa Irmiya 29 cikakkiya. Aya ta 11, mai maganar shirin alheri, kowa ya haddace. Amma wasiƙa ce zuwa ga kamammu a Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70. Akasarin waɗanda suka ji ta a can za su mutu. An ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'ya, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. A sura 28 akwai wani annabi, Hananiya, da ya yi wa mutanen Urushalima alkawarin komai zai dawo cikin shekara biyu.  Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Laifin masu karatun

Ba zan sauke kaya duka a kan masu wa'azin da ba su yi makaranta ba. Garuruwa kaɗan ne a ƙasar nan suka kai Jos da kewayenta tarin makarantun tauhidi. Ga kwalejin TCNN a Bukuru, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1950, ga makarantar JETS da ECWA ta buɗe a 1980, ga makarantar horar da limaman Katolika ta St. Augustine, ga ta ikilisiyar COCIN a Gindiri. Duk shekara ana yaye ɗalibai da riguna da huluna. Ina ilimin yake tsayawa?

Wani sashe yana maƙalewa a Turanci. Ana koyarwa da Turanci, a rubuta kundi da Turanci, a ajiye a kanta. Sai ɗalibi ya fito a tura shi ikilisiyar da ake sujada da Hausa, ya rasa yadda zai sauke abin da ya koya. Wani ya hau mumbari ya yi ta jefo kalmomin Girkanci don a san ya je makaranta, mama a benci tana hamma. Wani kuma ya lura cewa wa'azin "bana shekararka ce" ya fi cika kwanon baiko, sai ya ninke abin da ya koya ya sa a akwati. Wannan na ƙarshe ya fi wanda bai sani ba laifi.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Kafin wa'azi a karanta sura cikakkiya, ba aya biyu ba. Wasiƙar Filibiyawa gaba ɗayanta aya 104 ce, ba ta kai tsawon sanarwar da ake yi mana kowace Lahadi ba. A nazarin tsakiyar mako a bar mutane su yi tambaya, har da tambayar da fasto zai ce bari in je in duba. Majalisun ikilisiya su daina ba mutum mumbari don kawai yana da murya ko yana da kuɗi. Malaman Bukuru da Gindiri kuma, kowannensu ya ɗauki littafi ɗaya, ko Amos ko Yakubu ko Rut, ya rubuta masa bayani da Hausa mai sauƙi, ɗan ƙarami da mai bishara a ƙauye zai iya saya, ko a karanta shi a murya a tura ta waya ga wanda karatu ke yi wa wuya.